BABI NA BIYU: TARIHI DA BUNƘASAR ƘUNGIYOYIN 'YAN DAMBE A YANKIN NAHUCE

2.0 Gabatarwa

A babin da ya gabata an yi bayanin muhallin wannan nazari, wato garin Nahuce da ke cikin ƙaramar hukumar Bunguɗu, tare da maƙwabtansa na ƙasar Gusau da Tsafe. A wannan babi kuwa za a yi ƙoƙarin bin diddigin yadda 'yan dambe suka tashi daga ayarin samarin mahauta masu yawon kaka, har suka zama ƙungiyoyi masu shugabanci da fage na dindindin da kuɗin ƙofa. Domin hoton ya fito sosai, za a kwatanta wannan tafiya da ta wasan kendo na ƙasar Japan, wanda shi ma ya faro ne a hannun wani rukuni guda na al'umma kafin ya zama na kowa da kowa.

2.1 Abin da ake nufi da ƙungiya a dambe

Kafin a yi nisa, ya kamata a fayyace wani abu. Idan aka ce ƙungiya a yau, abin da ke zuwa a zuciyar mutum shi ne shugaba da sakatare da ma'aji da takardar rajista. Ƙungiyar dambe ta asali ba haka take ba. Ginshiƙinta shi ne gidan ubangida, wato tsohon ɗan dambe wanda yara ke taruwa a ƙarƙashinsa. Shi ne ke koya wa yaro tsayuwa da naushi da kariya, shi ke ɗaure masa hannu da ƙyalle da zare, shi ke nema masa taimako na layu da tsaga, kuma shi ne ke da ikon cewa yau ya isa ya shiga fage ko bai isa ba. Haka kuma shi ke duba abokin karawa, domin ubangidan kirki ba ya jefa yaronsa ga wanda ya fi ƙarfinsa nesa ba kusa ba.

Babbar shaidar wannan tsari tana cikin sunayen 'yan damben kansu. Da wuya a ji an kira ɗan dambe da sunansa na yanka. Abin da ake ji shi ne Shagon wane, ko Bahagon wane, ko Dogon wane, ko Autan wane, ko Garkuwan wane. Kalma ta farko tana nuna siffar yaron ko matsayinsa a gidan, ta biyu kuwa sunan ubangidansa ce. Idan shi ma ya ƙasaita ya tara nasa yaran, sai su ɗauki sunansa. Ta haka mai sauraro da ya san fage yana iya bin sunan yaro ya kai ga kakansa na dambe, kamar yadda ake bin salsalar malamai. A ganin mai wannan nazari, wannan ita ce rajistar ƙungiyar dambe, sai dai a baki take, ba a takarda ba.

A saman waɗannan gidaje akwai ɓangarori manya da ake kasa 'yan wasa a kansu, waɗanda suka fi shahara su ne Arewa da Kudu da Guramaɗa. Yaro yakan gaji ɓangare daga ubangidansa, kuma a al'ada ba a haɗa 'yan ɓangare ɗaya su kara da juna a fagen bainar jama'a.

2.2 Zamanin yawon kaka

Dambe a ƙasar Hausa an san shi da mahauta, waɗanda a ƙasar Sakkwato da Zamfara ake kira rundawa. Wannan dangantaka ba ta ɓoyu ba, domin kalangu, wanda shi ne kayan kiɗan fawa, shi ne kuma kayan kiɗan dambe. Sarkin Fawa na gari shi ne uban 'yan dambe, kuma gidansa ne masaukin baƙinsu. Akwai wasu wasannin jarunta da suka rayu kafaɗa da kafaɗa da dambe, kamar kokawa wadda ta fi ƙarfi a wajen manoma, da sharo na Fulani, da tauri, amma kowanne da mutanensa.

Lokacin wasa shi ne kaka, bayan an yi girbi an cika rumbuna. Dalili a bayyane yake: a lokacin ne manomi ke da abin hannu, a lokacin ake bukukuwan aure, kuma a lokacin ne ake yanka da yawa, saboda haka mahauci yana da dalilin tafiya ko da ba don dambe ba. Ayarin samari sai ya tashi da makaɗinsa, ya bi ranakun kasuwanni daga wannan gari zuwa wancan. Garuruwa irin su Nahuce da Bunguɗu, da suke ƙasar noma kuma kusa da hanyar da ta haɗa Gusau da Talatar Mafara da Sakkwato, suna cikin irin wuraren da wannan yawo ya dace da su. Da la'asar sai a share fili a bayan gari ko gefen kasuwa, jama'a su yi da'ira, makaɗi ya kama taken gwani, shi kuwa ya fito yana kirari. Ana yin turmi uku. Duk wanda hannunsa ko gwiwarsa ko jikinsa ya taɓa ƙasa, an kashe shi ke nan. Idan an gama ba wanda ya faɗi, sai a ce babu kisa, a raba su.

Abin lura a nan shi ne ba a biyan kuɗin kallo. Abin da ɗan dambe ke samu kyauta ce ta 'yan kallo da attajirai da sarakuna: damin hatsi, ko riga, ko ɗan abin da ya samu na kuɗi, sannan da suna, wanda a wajen saurayi mai neman aure ya fi sauran duka. Ke nan gari ne ke ɗauke da nauyin wasan, shi ke ciyar da baƙi, shi ke kuma hukunta mai ha'inci ta hanyar ƙin gayyatarsa baɗi.

2.3 Shigowar dambe birni

Abin da ya fara sauya wannan tsari shi ne kuɗi da hanya. Layin dogo da ya tashi daga Zariya ya ratsa Gusau ya kai Ƙauran Namoda a shekarar 1929. Daga nan Gusau ta zama cibiyar cinikin gyaɗa da auduga, baƙi suka yawaita, aka sami 'yan ƙwadago da 'yan kamasho da direbobi, mutanen da ke da kuɗi a aljihu ko da rani ko da damina, kuma suna neman abin kallo da yamma. Inda aka sami irin waɗannan mutane, ba a daɗewa sai wani ya kewaye fili da zana ya tsaya a ƙofa yana karɓar kuɗi. Wannan shi ne mafarin gidan dambe kamar yadda aka san shi a biranen Arewa, kuma da shi ne wani sabon mutum ya shigo cikin harkar, wato mai gidan dambe, wanda ba lalle ne ya taɓa ɗaure hannu ba.

Rediyo da kaset sun ƙara wa abin armashi. Muhammadu Bawa Ɗan Anace, makaɗin da ya fito daga ƙasar Sakkwato, ya waƙe Shago da Ɗandunawa, kuma ta hanyar waɗannan waƙoƙi ne mutanen da ba su taɓa ganin Shago da ido ba suka san shi, tun daga Zamfara har Nijar da zangunan Gana. A nan ma ya kamata a ɗan tsaya. Makaɗi shi ne marubucin tarihin dambe, amma fa tarihin gwaninsa yake rubutawa. Wanda aka kashe ba ya samun baiti sai na zambo. Saboda haka duk mai son gina tarihi a kan waƙa dole ne ya riƙa tuna cewa bakin ɓangare ɗaya yake ji.

2.4 Kwatanci da wasan kendo

Kendo wasan takobi ne na Japan, wanda ake yi da sandar gora da aka tsaga gida huɗu aka ɗaure, tare da sulke mai kare kai da hannu da ƙirji. Asalinsa horon yaƙi ne na samurai, wato barade na gado. Tun wajen shekarun 1710 wasu malaman takobi suka fara amfani da sandar gora da sulke domin ɗalibai su gwada juna ba tare da an yi rauni ba. Bayan juyin mulki na 1868 sai aka rushe matsayin samurai, kuma a 1876 aka hana su yawo da takobi. Malaman takobi suka rasa abin yi. A 1873 wani daga cikinsu mai suna Sakakibara Kenkichi ya shirya wasan takobi na kuɗin ƙofa a birnin Tokiyo, jama'a suka yi cincirindo. Wannan mataki ya yi kama ƙwarai da buɗe gidan dambe, kuma shi ma ya sha suka daga masu ganin an mayar da abin girma abin neman kuɗi. Ba a daɗe ba kasuwar wasannin ta faɗi, domin kowa ya buɗe nasa har mutane suka ƙoshi.

Abin da ya raya kendo ba wannan kallo ba ne. A 1874 wani tsohon samurai, Ozawa Torakichi, ya buɗe ɗakin horo a garin Mito mai suna Tobukan, inda yake koyar da yaran gari. Wannan ɗaki ya ƙone a harin jiragen sama na 1945, aka sake gina shi, kuma ya ci gaba da koyar da yara. Irin waɗannan ƙananan ɗakuna na unguwa su ne suka riƙe wasan. Daga sama kuma, 'yan sanda sun shigar da shi cikin horonsu bayan tawayen 1877, aka kafa babbar ƙungiya ta ƙasa a Kiyoto a 1895, sannan a 1912 aka tara manyan malamai na makarantu daban-daban suka amince da tsarin koyarwa guda. Sai dai shigar hukuma ta zo da nata sharrin, domin a shekarun yaƙi an mayar da kendo hanyar cusa wa yara aƙidar soja, abin da ya sa sojojin mamaya na Amurka suka hana shi bayan 1945. Sai a 1952 aka kafa sabuwar ƙungiyar ƙasa, a 1970 kuma aka kafa ta duniya.

Idan aka ɗora dambe a kan wannan ma'auni, za a ga cewa ya kai matakin Sakakibara tun da daɗewa, amma bai kai na 1912 ba, wato matakin da iyayen gida za su zauna su amince da ƙa'ida guda a rubuce game da nauyin 'yan wasa, da irin zaren da aka yarda a ɗaura, da shekarun yaron da za a sa a fage. Ɗan kendo yana da digiri da ake ba shi bayan jarrabawa, har zuwa mataki na 8, kuma yana iya wasa har tsufa saboda sulke. Ɗan dambe kuwa ba shi da komai tsakaninsa da naushi, kuma ranar da ya karye ko idonsa ya lalace, ubangidansa da danginsa kaɗai ke ɗaukarsa.

2.5 Daga ƙirƙiro Jihar Zamfara zuwa yau

An cire Zamfara daga Jihar Sakkwato ranar 1 ga Oktoba, 1996, aka mayar da Gusau babban birni. Shekaru uku bayan haka, a watan Oktoba na 1999, gwamnatin Ahmad Sani Yariman Bakura ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, wadda ta fara aiki a Janairun 2000. An haramta giya da caca. Dambe shi kansa wasa ne, amma abubuwan da ke raɓe da gidan dambe na birni, musamman caca a kan 'yan wasa da tsaface-tsaface da cakuɗar maza da mata, sun daɗe suna shan suka daga malamai, kuma sabon yanayin ya ƙara wa wannan suka ƙarfi. A daidai wannan zamani ne manyan fagage na wajen jihar suke ƙara jan gwanaye, kamar gidan dambe na Kano, da na Ali Zuma a Dei-Dei ta Abuja, da na Maraba a Jihar Nasarawa, inda ake wasa kusan kullum kuma ake sa gasar babur da ta mota.

Babbar matsalar da ta fi taɓa tushen ƙungiyoyin ita ce ta tsaro. Tun daga wajen 2011 hare-haren 'yan bindiga da satar shanu da garkuwa da mutane suka addabi ƙauyukan Zamfara, kuma ƙananan hukumomin Bunguɗu da Tsafe da Gusau duk sun ɗanɗana. A watan Satumba na 2021 gwamnatin Bello Matawalle ta rufe kasuwannin mako-mako, ta hana safarar dabbobi, aka kuma katse layukan waya a faɗin jihar na wani lokaci. Duk wanda ya bi bayanin da aka yi a sashe na 2.2 zai ga inda wannan ya sari dambe: kasuwar mako ita ce fagensa, dabba ita ce sana'ar mutanensa, tafiyar yamma daga gari zuwa gari kuwa ita ce rayuwarsa. Manomin da bai samu ya shiga gonarsa ba, ba shi da damin da zai ba gwani.

Wani abin mamaki shi ne a cikin waɗannan shekaru ne dambe ya fi yin suna a duniya. A 2017 Chidi Anyina da Anthony Okeleke suka fara sa hotunan dambe a YouTube da sunan Dambe Warriors, miliyoyin mutane suka kalla. Kamfanin African Warriors Fighting Championship na Maxwell Kalu shi ma ya shigo da nasa tsarin, da likita a bakin fage da rabon 'yan wasa bisa nauyi. Haka kuma dambe yana cikin wasannin gargajiya da jihohi ke fafatawa a kansu a Bikin Wasanni na Ƙasa. Waɗannan kamfanoni suna ɗaukar ɗan wasa ne bayan ya riga ya ƙware, suna biyansa ladan wasan da ya yi. Shekarun da ya yi yana koyon tsayuwa a bayan gidan ubangidansa a ƙauye, yana cin tuwon gidan, ba sa cikin lissafin kowa, kuma a halin da ake ciki waɗannan gidaje na garuruwa irin su Nahuce su ne rashin tsaro ya fi girgizawa. Tsarin shugabancin irin waɗannan gidaje, da yadda Sarkin Dambe ke hulɗa da Sarkin Fawa da masu gidajen dambe na Gusau, shi ne abin da babi na uku zai duba.