Roka

Roka (suna, tamata, jam'i: rokoki). Na'ura ce mai siffar bututu wadda ke tashi da ƙarfin wutar da take fesowa ta bayanta, kuma da yake tana ɗauke da makamashinta tare da sinadarin da ke rura shi, ba ta buƙatar iskar duniya, har takan keta sararin samaniya, kamar wadda ta ɗauki tauraron ɗan'adam Sputnik a 1957. A istilahin mayaƙa kuwa, roka ita ce wadda in aka saita ta aka harba, to, ta fita daga hukuncin maharbi, irin Katyusha da sojojin Tarayyar Sobiyet suka yi wa Jamusawa ruwanta tun daga 1941.

Sau da yawa masu ba da labari sukan cakuɗa ta da makami mai linzami, alhali kuwa akwai faraƙa bayyananniya, domin shi wannan, kamar doki a hannun mahayi, ana juya shi yana cikin tafiya har ya riski abin da aka nufa. V-2 na Jamus, wanda ya faɗa wa Landan a 1944, ya tara siffofin biyu. Amma Tomahawk na Amurka, ko da yake yana da linzami, injinsa na tafiya irin na jirgin sama ne, mai shaƙar iska.