Lukla: Filin Da Gajimare Ke Mulki

Kafin 1964, mai son isa gindin tsaunin Everest a ƙasar Nepal sai ya taka da ƙafa fiye da mako biyu daga Kathmandu. A shekarar ce Edmund Hillary ya gina ƙaramin filin jirgi a Lukla, don kai wa al'ummar Sherpa kayan gina makarantu da asibiti.

Titin saukar mita 527 ne kacal, a kan gangara. Ƙarshensa ɗaya kwazazzabo ne mai zurfi, ɗayan kuma dutse. Matuƙi da idonsa yake dogaro, kuma in ya kusanto, ba sararin fasa sauka.

A Oktoban 2008, gajimare ya rufe titin lokacin da jirgin Yeti Airlines ke sauka. Mutum 18 suka rasu, matuƙin kaɗai ya tsira.

Yau ba a sakar wa matuƙi wannan hanya sai ya sauka a can sau 10 tare da mai koyarwa. Duk da haka, ƙwarewa ba ta yaye gajimare. Mu fasinjoji mukan yi tsaki in an soke tafiya saboda yanayi, alhali a Lukla sokewar nan ce ke ceton rayuka.