Waiwaye Adon Tafiya: Tarihin Tallafi Ga Ƙungiyoyin Mata

Muna gode wa Allah da ya nuna mana zagayowar ranar da aka kafa ƙungiyarmu. Shugabanni sun ce mu 'yan ajin yamma mu rubuta tarihi a wannan takarda, tunda yanzu hannunmu ya ɗan saba da biro. Muka ce to, amma tarihin tallafi za mu kawo, domin a kansa ake ta ka-ce-na-ce tun taron da ya wuce.

Ga waɗanda ba su samu zuwa ba, wata ƙungiyar agaji ce ta ce za ta tallafa mana, sai dai babu jari a ciki, babu inji. Kuɗin na horar da shugabanni ne, da sayen littattafan lissafi, da ɗan alawus na sakatariya, da biyan mai binciken asusu, da zaman rubuta tsarin aikinmu na shekaru masu zuwa. Wasu suka ce horo ba ya ɗora tukunya. Suna da gaskiyarsu, domin mai awo ba ya karɓar satifiket. Amma kafin ranar ƙuri'a ya kamata mu ɗan waiwaya.

Tun kafin a san banki a ƙasar nan kakanninmu suna adashi. Uwar adashi ce shugaba, ita ce ma'aji, ita ce littafi. A kanta take riƙe wadda ta zuba da wadda ta kwasa. Abin yana tafiya ne saboda mutanen kaɗan ne, kuma kowa ta san gidan kowa. Shugabancin mata mai tsari ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru. Kowane rukuni yana da jaji, dattijuwar da ake koyarwa tukuna, a naɗa mata malfa, sannan ta koma ƙauye ta koyar da sauran mata. Kun ga ke nan da shugaba aka fara.

Ƙungiyar gama kai mai rajista kuwa zamanin Turawa ta shigo. A 1934 wani Bature mai suna Strickland, wanda ya yi irin wannan aiki a Indiya, ya rubuta rahoto a kan Najeriya, aka yi doka a 1935. Manoman koko na Yamma ne suka fi cin moriyarta da farko. Dokar tana son ƙa'idoji a rubuce, da littafin kuɗi, da binciken asusu. To macen da ba ta iya rubuta sunanta ba, ta ina za ta shiga? An yi Yaƙi da Jahilci a Arewa a shekarun 1950, amma mata da yawa bai kai gare su ba. A 1980 gwamnatin Abubakar Rimi ta kafa hukumar ilimin manya a Kano, a 1990 kuma aka kafa ta ƙasa baki ɗaya. Ajin da muke zama da yamma bayan mun rufe rumfa, jikan wannan ƙoƙari ne.

A 1987 Maryam Babangida ta fara shirin Better Life na matan karkara. Lokacin muna yara, amma muna tuna yadda iyayenmu suka riƙa haɗuwa suna kafa ƙungiyoyi. A 1989 aka buɗe People's Bank don bai wa talaka rance ba tare da jingina ba. A 1994 Maryam Abacha ta kawo shirin tallafa wa iyali, a 1997 aka ƙara da FEAP mai ba ƙungiyoyi rancen sana'a. Zamanin ya buɗe wa mata ido, wannan ba a musu. Amma galibin abin da ake kawowa kaya ne: keken ɗinki, injin markaɗe, injin matsar man gyaɗa.

A unguwarmu an taɓa bai wa iyayenmu injin markaɗe. An yi guɗa, an ɗauki hoto. Ya yi aiki har ranar da bel ya tsinke. Aka tambayi kuɗin gyara, sai aka ga ba wadda aka ɗora wa tara cinikin kullum, ba a kuma ware ko sisi don gyara ba. Wannan ta ce waccan ce ke karɓa, waccan ta ce ta sayi man inji da su. Ba wadda ta yi sata, wallahi, tsari ne kawai babu. Injin ya ƙare a zaure, kaji na ƙwai a ƙarƙashinsa.

Daga baya masu ba da tallafi suka sauya salo. A shirin Fadama na biyu da ya fara a 2004, da na uku da ya biyo baya, wanda Bankin Duniya ya sa wa kuɗi, sai ƙungiya ta yi rajista, ta buɗe asusu a banki, ta rubuta abin da take so a cikin tsarin ci gaban yankinta, ta kuma kawo nata kason kafin a ba ta kaya. An ware kuɗi daban don koyar da shugabannin ƙungiyoyi riƙon littafi. A 2018 Bankin Duniya ya amince da dala miliyan 100 don shirin matan Najeriya, Kebbi da Neja da Taraba suna cikin jihohin farko. Tushensa shi ne mata su haɗu rukuni-rukuni, su riƙa zubi da bai wa juna rance, suna rubutawa, kafin a yi maganar wani tallafi. A shekarar nan ce kuma aka yi TraderMoni, rancen naira 10,000 ga ƙananan 'yan kasuwa. Ta yi wa wasunmu rana, amma kuɗin mutum ɗaya ne, ba ya gina ƙungiya.

Mu ma mun ɗanɗana tamu. Tsoffin cikinmu suna tuna shekarar da ma'ajinmu ta farko ta rasu, Allah ya jiƙanta. Mace ce mai amana da ba a taɓa kama ta da kwabo ba, amma lissafin duk a kanta yake. Bayan sadakar bakwai muka zauna, ba mu san wa ake bi ba, ba mu san wa ke bin mu ba. Aminai biyu da suke rumfa ɗaya sun daina gaisawa a kan bashin da ba shaida. Wasu suka fita, har yau ba su dawo ba. A ranar ne wasu daga cikinmu suka yi niyyar shiga aji.

Amfanin ajin ya fito a farkon 2023, lokacin canjin kuɗi, da takardar naira ta yi wuya. Da yake zuwa lokacin muna da asusu da masu sa hannu uku, zubinmu bai tsaya ba, aka koma tura kuɗi ta waya, sakatariya tana rubutawa.

Kada kuma mu yaudari kanmu, tallafin horo yana da nasa ramin. Mun ga inda ake kwasar mata ukun nan dai kullum a kai su otal, su ci shinkafa, su karɓi kuɗin zama, su dawo ba abin da ya canza. Saboda haka in za mu karɓa, ga abin da muke roƙo a sa a cikin yarjejeniya. A yi horon da Hausa, a nan kusa, a lokacin da ba na cin kasuwa ba. Kowace mai muƙami ta tafi da mataimakiya daga cikin ƙannenmu, don a samu magada. A riƙa karanta shiga da fita da babbar murya a kowane taro, saboda waɗanda ba su iya karatu ba tukuna. Tsarin aikin kuma mu za mu faɗa a rubuta, har da yadda za mu ci gaba da biyan sakatariya daga ribarmu ranar da tallafin ya ƙare, domin duk shirin da muka lissafa a sama yana da ranar ƙarewa.

Masu son jari ba su yi laifi ba, dukkanmu muna so. Amma duk inda muka je neman rance a 'yan shekarun nan, abin da ake fara tambaya shi ne takardar rajista, da bayanin asusu, da rahoton taro. Idan waɗannan suka gyaru, ƙofar jarin ma ta fi saurin buɗewa.

Ranar ƙuri'a kowa ta zo da katinta na zubi, ta faɗi ra'ayinta ba tsoro. Allah ya jiƙan waɗanda suka kafa wannan ƙungiya suka riga mu gidan gaskiya, ya sa albarka a kasuwarmu, ya haɗa kanmu. Amin.