Idan sabon doki ya sauya hali: abin da mai hawa a Changli ya kamata ya fara dubawa

A Tamale, babban birnin Jihar Arewa ta ƙasar Gana, doki dabbar sarauta ce da ta biki. An fi ganin ƙimarsa lokacin Damba, bikin da Dagombawa ke yi a watan Rabi'ul Awwal, inda sarakuna da 'ya'yan sarauta ke fitowa kan dawakai da aka yi wa ado, ana kiɗa ana harba bindigogin gargajiya, mahaya suna gasar nuna wanda dokinsa ya fi iya taka rawa. Saboda haka ne duk lokacin da Damba ta matso ake samun mai sayen sabon doki a unguwanni irin su Changli da Zango, kuma daga nan ne wata tsohuwar matsala ke tasowa: dokin da aka gwada a hannun dillali yana lafiya lau, bayan mako biyu ko uku sai ya koma cizo da harbi da tutsu, ko ya turje ya ƙi gaba.

Abin da aka saba ji shi ne an cuci mai saye, ko kuma baki ya kama dokin. Ha'inci yana faruwa. Amma likitocin dabbobi sun daɗe da lura cewa halin da ya sauya farat ɗaya galibi daga ciwo yake, ko daga abinci, ko daga baƙunta. Dokin da mugun hali ke cikin jininsa ba ya jiran sai ya zo Tamale kafin ya nuna shi.

Doguwar hanya da sabuwar ƙasa

Yawancin dawakan ƙwarai da ke arewacin Gana daga arewa ake kawo su. Haka abin yake tun zamanin da fataken Hausa ke kai dawakai da kanwa kasuwar Salaga su komo da goro. Yau mota ce ke kawo su daga Burkina Faso ko Mali ko Nijar ko Najeriya. Dokin da ya taso daga Maraɗi ya bi ta Yamai da Wagadugu ya shigo ta iyakar Paga ya yi tafiyar kusan kilomita 1,500 a tsaye, sau da yawa kansa a ɗaure sama, ruwa kaɗan. Irin wannan tafiya tana jawo zazzaɓi da ciwon huhu a kwanakin farko, kuma gajiyarta kan sa doki ya yi laƙwas. Mai saye sai ya ɗauka sanyin hali ne. Da dokin ya huta ya ƙoshi, ainihin ƙarfinsa ya dawo, sai a ce ya canza.

Wurin ma daban ne. Dokin da ya girma a ƙauye cikin 'yan'uwansa, yana taka rairayi, yanzu ga shi shi kaɗai a turke cikin gida a Changli, babura da yalo-yalo suna wucewa ta ƙofar gida, ƙafarsa na zamewa a kan kwalta. Doki dabbar garke ce, kaɗaici yana tayar masa da hankali. Ingarma kuwa, in ya ji ƙanshin goɗiya a maƙwabta, haniniya da tonon ƙasa ba su da iyaka.

Abinci: inda aka fi yin kuskure

Sabon mai doki yana son dokinsa ya yi kyau kafin biki, don haka yakan cika masa hatsi. Nan ne matsala ta fi yawa. A ƙasar Hausa doki ya saba da gero ko dawa da harawar wake da ɗan jiƙon kanwa. A Tamale masara da dusarta sun fi sauƙin samu. Hatsi mai yawa ga dokin da ke wuni a ɗaure ba a fita da shi kilisa yana tara masa ƙarfin da ba shi da inda zai kai, ranar da aka hau shi kuwa sai ya sauke shi a kan mahayi.

Cikin doki ƙarami ne idan aka kwatanta da girmansa, kuma yana fitar da ruwan tsami dare da rana, ko da abinci ko babu. An halicce shi ne don ya riƙa tsinkar ciyawa kusan duk wuni. Idan ana ba shi hatsi sau biyu a rana sannan a bar shi sa'o'i da yawa ba ciyawa, tsamin nan yana cin bangon cikin, ya zama gyambon ciki. Cutar ta yi yawa ainun a tsakanin dawakan tsere a duniya. Alamarta ga mai hawa ita ce doki ya kwantar da kunne ko ya kai cizo lokacin da ake jan majayi, ya ci hatsi kaɗan ya bari, ya rame, gashinsa ya dushe.

Ma'aunin da likitoci ke bayarwa shi ne ciyawa da harawa su kai aƙalla kashi 1.5 zuwa 2 cikin 100 na nauyin dokin a kowace rana. Ga doki mai kilo 350, wannan ya kama kilo 5 zuwa 7. Ruwa kuma lita 25 zuwa 50, har fiye a zafin Maris da Afrilu. Duk wani sauyin abinci a yi shi a hankali cikin kwana 10 zuwa 14. Tambayar da ta fi farashin sirdi muhimmanci, wadda masu saye ke mantawa su yi wa dillali, ita ce: me dokin nan yake ci, kuma nawa?

Abu biyu ne bai kamata su shiga bakin doki ba ko kaɗan. Na farko masara mai fumfuna, wadda ake yawan samu da damina. Gubar da ke cikinta tana lalata ƙwaƙwalwar doki, ya riƙa zagaye wuri ɗaya, yana tangaɗi, yana karo da bango kamar makaho. Na biyu abincin kaji na kamfani, domin wasu nau'o'insa na ɗauke da maganin monensin, wanda kaɗan daga cikinsa ke kashe doki.

Baki da baya

Idan matsalar tana bayyana ne kawai bayan an sa kayan hawa, a fara da baki. Muƙamuƙin sama na doki ya fi na ƙasa faɗi, don haka turamensa suna cinyewa a karkace, gefensu ya yi kaifi yana yankan kunci da harshe. Tsakanin shekara biyu da rabi zuwa biyar kuma doki yana cikin famfara, bakinsa na ciwo. Linzamin gargajiya mai zobe da harshen ƙarfe yana da tsanani. A hannun gwani taɓawa kaɗan ta isa, a hannun sabon mahayi mai fizga kuwa yana fasa dasashi. Dokin da ke kaɗa kai, yana buɗe baki, yana miƙewa tsaye da ƙafafun baya, ko yana zubar da dunƙulen ciyawa da ya tauna rabi, bakinsa ne ke magana. Gwaji mai sauƙi shi ne a zagaya da shi da ragama kaɗai a ga ko zai natsu.

Sai baya. Sirdin da aka gada daga tsohon doki ba lallai ya dace da sabo ba. A shafa bayan da tafin hannu bayan an sauke sirdi: kumburi, zafi, wurin da gashi ya tuje, ko dokin ya lotsa bayansa, duk alamu ne. Farin gashi a gadon baya tabon tsohon miki ne, kuma ya kamata a lura da shi tun a wurin ciniki. A duba kofato ma, ko ƙusa ko tsakuwa ta shige, ko ya ruɓe saboda tsayuwa cikin laka.

Cututtukan da ƙasar ke da su

Ruwan saman Tamale ya kai kimanin milimita 1,000 zuwa 1,100 a shekara, kusan ninki biyu na Maraɗi. Ruwa mai yawa na nufin ƙudan tsando a bakin rafuka, da kaska, da sauran ƙwari masu cizo. Dokin Sahel bai da juriyar sammore, cutar da ta hana dawakai yaɗuwa zuwa kudu tsawon ƙarnuka. Da yake a 'yan shekarun nan Damba tana faɗowa a ƙarshen damina, wajen watan Satumba, sabon doki kan iso daidai lokacin da ƙwarin suka fi yawa. Sammore na zuwa da zazzaɓi mai zuwa yana tafiya, da rama, da kumburin ƙafafu da ƙasan ciki, cikin ido ya yi fari. Wani nau'inta yana kaiwa ga ƙwaƙwalwa ya sa tangaɗi. Dokin da ya ƙi sukuwa kwatsam sau da yawa jini ne ya ƙare masa, bulala kuwa ba ta ƙara jini.

Ma'aunin zafi na asibiti ya isa a fara da shi. Zafin jikin lafiyayyen doki yana tsakanin 37.5 da 38.5, bugun zuciyarsa 28 zuwa 44 a minti idan yana hutawa. Abin da ya wuce haka na likita ne. Ofisoshin kula da lafiyar dabbobi na gwamnati suna Tamale, akwai kuma tsohuwar cibiyar dabbobi da kwalejinta a Pong-Tamale, kan hanyar Bolgatanga. Ɗigon jini a ƙarƙashin madubi na iya bambanta sammore da cutar kaska. Allurar Berenil da makiyaya ke yi wa shanu tana da haɗari ga doki, bai kamata a soka ta da ka ba.

Akwai hali ɗaya da ba a jira a kansa. Dokin da ya fara cizon jikinsa, yana dalalar da miyau, ya kasa haɗiya, yana kai wa kowa hari, musamman in kare ya taɓa cizonsa, ana zargin haukan kare ne. A killace shi, kada kowa ya sa hannu a bakinsa, wanda ya ciza kuma ya wanke wurin da sabulu da ruwa mai yawa ya tafi asibiti a ranar.

Idan da ha'inci a cinikin

Akwai magungunan kashe zafi, irin su fenilbutazon, da ke ɓoye ɗingishi na kwana ɗaya ko biyu, akwai kuma na kwantar da hankali da ke aiki na 'yan sa'o'i, wasu ma har makonni. Dokin da leɓensa na ƙasa ya saki, idonsa a lumshe, yana jan ƙafa a wurin gwaji, abin tuhuma ne. A ƙasashen Turai da Amurka mai sayen dokin gasa yakan sa likita ya duba shi ya ɗebi jini a ajiye kafin a biya kuɗi. A nan abin da zai yiwu shi ne a gwada dokin a ranaku biyu daban, ɗaya ba tare da sanarwa ba, a kuma yi sharaɗin mayarwa a gaban shaidu. Fiƙihun Malikiyya ya ba mai saye damar mayar da dabba idan ya gano tsohon aibin da aka ɓoye masa, sai dai mayar da doki ga mutumin da ke bayan iyaka biyu ba ƙaramin aiki ba ne. Shi ya sa riƙe wani ɓangare na kuɗin a hannun amintacce na makonni biyu ya fi kowace rantsuwa amfani.

Makonnin farko

Sabon doki ya zauna nesa da sauran dawakai na mako biyu zuwa uku saboda cuta, amma inda zai iya hango su. Mutum ɗaya ya riƙa ba shi abinci yana goge shi a lokaci guda kullum. A fara da jan sa da ragama da asuba kafin titi ya cika, sannan kilisa, sukuwa a ƙarshe. Dokin da aka saya don Damba yana bukatar sabawa da kalangu da ganga da ƙarar bindiga daga nesa, ana matsowa kaɗan-kaɗan cikin kwanaki. Kai shi tsakiyar taro a karon farko ranar biki kasada ce da rayukan 'yan kallo, waɗanda da yawansu yara ne. Dokin da ya iso saura mako biyu a yi Damba, na Damba mai zuwa ne.