Daga Bugazau zuwa ƙwaryar nono

Tarihin Kano da aka rubuta da Larabci, wanda Palmer ya fassara zuwa Turanci a 1908, ya lissafa manyan mutanen Barbushe kafin zuwan Bagauda. Akwai maƙeri, akwai mai magani, akwai kuma Bugazau, mai dafa giya. Ashe a gindin Dala, giya sana'a ce mai shugaba, kamar ƙira. Da Musulunci ya kafu sai ta janye zuwa ƙauyukan Maguzawa, inda Joseph Greenberg ya tarar da ita a bukukuwansu lokacin da ya yi bincike a ƙasar Kano a 1938 da 1939.

Abin da ba a cika lura da shi ba shi ne, rabin aikin matan da ke dafa burkutu kokawa ce da zafi. Za a jiƙa dawa, a shimfiɗa ta a inuwa ana yayyafa ruwa har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa, a bari ta yi tsami, a sake dafawa. Daga nan sai haƙuri. Ba a zuba ragowar tsohuwar giya, wadda ke ɗauke da yisti, sai tukunya ta huce. In an zuba da zafi, yistin ya mutu, dawar mako guda ta tafi a banza. In kuma aka bari ta yi sanyi ƙarara da hunturu, sai ta ƙi tashi. Babu ma'aunin zafi; bayan hannu ne ke yanke hukunci.

Bazara ta fi wuya. A watan Afrilu zafin Kano kan haura digiri 40, burkutu ya tashi da gaggawa, cikin 'yan kwanaki ya zama ruwan tsami. Shi ya sa bai taɓa zama hajar fatake ba: inda aka dafa, nan ake shanyewa. Turawa suna da ɗakunan ƙarƙashin ƙasa na ajiye giyar inabi shekaru; mu abin da muke da shi randa ce. Randar ƙasa tana tsattsafo, iska ta busar da gumin, cikinta ya yi sanyi. Da rani tana aiki sosai, da damina kuwa sai a hankali.

A 2000 Kano ta ƙaddamar da shari'ar Musulunci, kuma ba na cikin masu kewar tukunyar Bugazau. Amma a shekarar ce Mohammed Bah Abba, malami a Dutse, ya karɓi lambar yabo ta Rolex saboda tukunya cikin tukunya, da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, mai hana tumatir da gauta saurin ruɓewa. Hikimar randa ce dai ya ninka.

Ka je kasuwar Wudil ranar Juma'a, ka bar hayaniyar kara, ka tsaya wajen masu nono. Bafulatana takan dafa madarar kindirmo, ta jira ta huce zuwa ɗumi, sannan ta zuba ɗan nonon jiya ta rufe ya kwana. Da bazara takan yi sammako ta nemi inuwa, don in rana ta take kafin ta sayar, nonon ya tsinke, ciniki ya faɗi.