Skylab: gidan da aka gina da ragowar roka

Yau zan mayar da ku shekarun 1970, mu ga yadda kasafin kuɗi ya gina wa Amurka gida a sararin samaniya, kuma shi ya bar gidan ya faɗo.

A 1966, ana tsakiyar tseren zuwa wata da Tarayyar Sobiyet, NASA na karɓar sama da kashi 4 cikin ɗari na kasafin gwamnatin Amurka. Da aka taka wata a 1969 sai zumuɗi ya ragu, ga yaƙin Biyetnam na cin kuɗi. A 1970 aka soke tafiyar Apollo 18, 19 da 20. Ɗaya daga cikin rokokin Saturn V da aka tanada domin wata ita ta harba Skylab ranar 14 ga Mayu 1973. Tashar kanta wani sashen roka ne aka gyara tankin mansa ya zama ɗakuna.

To yaya zama yake a ciki? Babu abin da ke tsayawa inda ka ajiye shi. Cokali sai an manna shi a tire da maganaɗisu. Barci a cikin jaka ake yi, an ɗaure ta a bango. Takalmansu na da ƙugiya da ke maƙalewa a ramukan daɓe, in ba haka ba mutum ya kama shawagi. Wanka ne ya fi ba ni dariya: ruwa kusan lita 3, a cikin wani labule mai kama da ganga, bayan an gama kuma sai an zuƙe ɗigon ruwan da inji.

Ayari uku suka zauna a can: kwana 28, kwana 59, sai kwana 84. An ga ƙashi da tsoka suna raguwa, an kuma ga ayarin ƙarshe, da suka fi motsa jiki, sun dawo da ƙarfinsu fiye da na farko duk da sun fi daɗewa.

Daga Fabrairun 1974 ba wanda ya sake komawa. Kuɗin ya koma kan sabon kumbon Shuttle, aka sa rai shi zai ɗaga Skylab sama. Aikin ya yi ta jinkiri, bai tashi ba sai Afrilun 1981. Skylab kuwa ta faɗo tun ranar 11 ga Yuli 1979, ɓaraguzanta suka watsu a Tekun Indiya da yammacin Ostireliya. Garin Esperance har ya ci NASA tarar dala 400 saboda zubar da shara.

Abin da ya tsaya min a rai shi ne, babu Ba'amurken da ya wuce kwana 84 ɗin nan sai 1995, shi ma a tashar Mir ta Rasha. Shekara 21 ke nan.

Da ku ke riƙe da kasafin, za ku ceto tsohon gida ko ku zuba komai a sabon kumbo? Ina jiran ra'ayinku. Sai mun haɗu a shiri na gaba.