Daga Rediyo-kulob zuwa Salula: Wa Ke Zaune Kusa da Yaro?

Kukan da uwaye da malamai ke yi a yau game da wayar salula ba baƙo ba ne a ƙasar nan. Tun farkon samun ƴancin kai Nijar ta gwada koyarwa da na'ura, ta kuma riga ƙasashe da yawa na Afirka. Ya kamata mu waiwayi wannan tarihi kafin mu yanke wa salula hukunci.

A 1960, lokacin da Turawan Faransa suka miƙa mulki, yaran da ke zuwa lakol ba su kai ɗaya cikin goma ba, malamai kuma ƙalilan ne. Gidan rediyon ƙasa, wanda aka buɗe a 1958, murya ce da ke isa ƙauyuka. A 1962 aka kafa ƙungiyar rediyo-kulob. Tsarin mai sauƙi ne: da maraice jama'a su taru gaban akwati ɗaya, su saurari shiri da Hausa ko Zabarmanci a kan noma, lafiya ko tarbiyya. In shirin ya ƙare, sai mai jagora, wanda galibi malamin makaranta ne ko wani ma'aikaci, ya buɗe mahawara. Yana ɗaukar maganganun mutane a rakoda, a aika Yamai, a sake watsa su. Ta haka manomi ke jin muryar ɗan'uwansa manomi a rediyo. Akwatin shi kaɗai ba ya koyar da kowa. Zaman da ake yi bayan an kashe shi ne makarantar.

A 1964, zamanin Shugaba Diori Hamani, aka ƙara taki ɗaya: talabijin ɗin makaranta, da taimakon Faransa. An fara da yara kaɗan a Yamai. Daga 1966 aka kai shi azuzuwa wajen 22 a kewayen birnin, da ɗalibai kimanin 800. Ana watsa gajerun darussa da Faransanci, kowanne kusan kwatan awa, sau da dama a yini. Wanda ke cikin aji ba cikakken mushe ba ne. Saurayi ne mai takardar sartifika da aka yi wa horo na ɗan lokaci. Aikinsa ya maimaita abin da aka gani, ya yi tambaya, ya sa yara wasa da magana. Inda babu lantarki an gwada kunna akwatunan da hasken rana, tun kafin faifan sola ya zama ruwan dare a kasuwanninmu.

Yaran sun so abin. Ba su cika gudun makaranta ba, kuma bakinsu ya buɗe da Faransanci. Duk da haka shirin bai game ƙasa ba. Yana cin kuɗi, kuɗin kuma na waje ne. Ƙwararrun da suka tsara shi sun yi aikinsu a gefe, malaman makarantun gargajiya na boko suna kallo daga nesa, wasu ma suna ganin an zo a rage musu daraja. Uwaye kuwa ba su jin harshen da akwatin ke yi, balle su bi sawun abin da ake koya wa ƴaƴansu. A 1979 aka rufe wannan babi, gidan talabijin na ƙasa, Télé Sahel, ya gaji wurin. Kodebuwa, wadda ta bi sahun Nijar a 1971 da shiri mafi girma, ita ma ta dakatar da nata a farkon shekarun 1980, bayan ƙorafin malamai da uwaye.

A cikin gida kuwa, kowace na'ura ta sami mai tsaronta. Rediyo na hannun maigida, shi ke murɗa tasha. Kaset ɗin da ɗan ci-rani ya aiko daga Abijan ko Legas a tsakar gida ake saka shi, kowa ya ji gaisuwarsa. Talabijin ma a fili yake, uwa na iya cewa a kashe.

Salula ce ta karya wannan tsari. Tun da Celtel ya fara aiki a Nijar a 2001, wayar ta bi gari-gari, daga baya intanet da WhatsApp suka biyo. Amfaninta a bayyane yake: saƙon murya ya ba tsohuwar da ba ta yi boko ba damar magana da ɗanta a Libiya, malami a Tawa na iya karɓar darasi daga abokin aikinsa a Damagaram cikin minti ɗaya. Amma a karon farko na'urar ta shiga aljihun yaro, ta bi shi har shimfiɗa, babu babba a kusa. Rufe makarantu da aka yi a watan Maris na 2020 saboda korona ya nuna wani gefen: yaron da ke da wanda zai zauna da shi ya ci gaba da karatu, wanda ba shi da shi ya tsaya, ko da akwai waya a gidan.

Tun da sanda ake tanƙwara icce, in ji magabata, amma sai da hannu a kansa. Abin da rediyo-kulob ya samu, talabijin ɗin makaranta ya rasa rabinsa, shi ne babban mutum da ya yarda da abin, ya kuma zauna kusa da shi. Malami na iya ɗaukar aikin mai jagoran nan: ya zaɓi bidiyo ɗaya, a kalla tare, a tattauna, a rubuta. Ƙungiyar uwayen ɗalibai ta san abin da ake turawa a zauren WhatsApp na aji, da harshen da uwaye ke ji. A gida, uban da bai iya karatu ba yana iya cewa: “Zo ka nuna mini abin da ka gani yau, ka fassara mini.” Wayar ta kwana a ɗakin uwa, kamar yadda rediyo ke kwana a turakar maigida.